Wa Ya Kashe The Thing a 1982? Martani Ga Mai Cewa Sharhin Fim Aikin Banza Ne

Maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanan baya a kan fim ɗin The Thing na John Carpenter ta yi daɗin karatu, kuma daɗin nata ne ya sa na ga bai kamata a bar ta ta wuce salin-alin ba. Ga yadda Malam ya tsara maganarsa: a 1982 masu sharhin finafinai na jaridun Amurka sun taru sun yi wa fim ɗin rubdugu har suka kashe masa kasuwa, fim ɗin E.T. ya zo ya ƙarasa shi, daga baya kuma talakawa 'yan kallo suka tono shi suka mayar masa da martabarsa. Daga nan sai ya yanke hukunci cewa sharhin fim sana'ar 'yan hassada ce, waɗanda ba su iya shirya komai ba sai kushe na wasu, don haka mai hankali ba ya tsayawa sauraronsu.

A kan darajar fim ɗin ba ni da ja da Malam. Ni ma ina sa The Thing a sahun gaba cikin finafinan da suka haɗa almarar kimiyya da ban tsoro. Inda muka raba gari shi ne tarihin da ya bayar, da kuma darasin da ya ciro daga cikinsa.

Ga wanda bai kalla ba, labarin wasu maza goma sha biyu ne 'yan Amurka a wani sansanin bincike a Antaktika, sanyi ya fara shigowa, rediyonsu ba ta kai ko'ina. Wata rana sai ga jirgi mai saukar ungulu na wasu 'yan Norwe ya biyo wani kare yana ta harbi. 'Yan Norwen suka mutu a ƙofar sansanin ba tare da an fahimci abin da suke faɗi ba, Amurkawan kuma suka ji tausayin kare suka shigar da shi ciki. Ashe wata halitta ce daga wata duniyar, wadda ta daɗe a daskare cikin ƙanƙara. Aikinta shi ne ta haɗiye mai rai, ta fito da kamanninsa da muryarsa da ɗabi'unsa, har na kusa da shi ya kasa ganewa. Kurt Russell ne ya fito a matsayin MacReady, matuƙin jirgin sansanin, wanda jagoranci ya faɗo a kansa bayan kowa ya daina yarda da kowa.

Mu fara da ciniki. Kamfanin Universal ya saki fim ɗin ranar 25 ga Yuni, 1982, a gidajen sinima 840. A kwana ukun farko ya tara dala miliyan 3.1, ya zo na takwas a jerin waɗanda suka fi kasuwa. Da aka rufe lissafi, abin da ya shigo a Amurka dala miliyan 19.6 ne, alhali an kashe kusan miliyan 15 wajen yin sa, ban da kuɗin talla, ban da kason masu gidajen sinima. To su wane ne suka ƙi zuwa? Su ne dai talakawan da Malam ke yi wa kirari. Tun ma kafin a sake shi, kamfanin ya nuna wa wasu 'yan kallo don ya ji ta bakinsu, kamar yadda aka saba, kuma abin bai yi armashi ba. Carpenter da kansa ya sha ba da labarin wata matashiya da ta tambaye shi, bayan an tashi, wane ne dodon cikin mutum biyun da suka rage. Ya ce mata wannan an bar wa mai kallo ne ya yi tunani. Ta ce ita fa irin haka ne ba ta so. Yarinyar nan ba ta rubutu a New York Times.

Na san Malam zai ce sharhin jaridu ne ya hana mutane fitowa. A watan Agustan wannan shekarar aka saki kashi na uku na Friday the 13th, fim ɗin yanka da sara da masu sharhi suka yi wa kaca-kaca, aka kuma yi shi da ɗan kuɗi kaɗan. Ya tara fiye da dala miliyan 30. Matasan da ke cika sinima don kallon abin tsoro ba su taɓa jiran izinin wani dattijo mai rubutu a jarida ba. Da alƙalamin mai sharhi yana da irin ƙarfin da Malam ke jingina masa, da wancan fim ne zai fara mutuwa.

Batun E.T. kuwa akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don Carpenter ma ya faɗa. E.T. ya fito ranar 11 ga Yuni, mako biyu kafin The Thing, kuma ya riga ya cusa wa mutane son baƙo daga sama mai taushin zuciya da ke neman hanyar komawa gida. Amma a tuna, ranar 4 ga watan nan aka saki Poltergeist, shi ma na ban tsoro ne, har da wurin da mutum ke yage naman fuskarsa a gaban madubi, kuma ya tara fiye da dala miliyan 70 a gefen E.T. ɗin nan. Bambancin a fili yake. A Poltergeist akwai uwa da uba da 'ya'ya, kuma iyalin sun tsira a ƙarshe. An ba shi matakin da yara za su iya shiga. The Thing an sa masa matakin da ɗan ƙasa da shekara 17 sai da babba. Babu mace ko ɗaya a cikinsa, in ban da muryar wata kwamfutar wasan dara, wadda Adrienne Barbeau, matar Carpenter a lokacin, ta yi. Ita ma kwamfutar MacReady ya tuttula mata giya ya ƙone ta tun a mintunan farko don ta cinye shi. Babu soyayya, babu raha sai ta baƙin ciki, babu nasara. A shekarar da rashin aikin yi a Amurka ya haura kashi 10 cikin 100, mutumin da ya ware kuɗin tikiti ya zaɓi abin da zai sanyaya masa rai. Ba na ganin laifinsa, amma kada a zo daga baya a ce shi ne gwarzon labarin.

Shi kansa kamfanin fa? Universal ne mai E.T., shi ne kuma ya jefa The Thing a bayansa da mako biyu, a rana ɗaya da Blade Runner, wanda ke neman irin 'yan kallon da yake nema. Hoton tallar fim ɗin, mutum cikin rigar sanyi haske na fita daga fuskarsa, Drew Struzan ya zana shi ne cikin kwana ɗaya ba tare da ya ga fim ɗin ba. Da kasuwa ta ƙi, kamfanin ne ya karɓe aikin Firestarter daga hannun Carpenter, aka ba Mark Lester. Kamfanin ne kuma daga baya ya yanyanka The Thing don talabijin, ya ɗora muryar mai ba da labari a kai, abin da Carpenter ya barranta da shi. Duk wannan babu shi a maƙalar Malam, don bai dace da labarin da yake son bayarwa ba.

Yanzu mu zo kan abin da masu sharhin suka rubuta, domin Malam ya haɗa su a buhu ɗaya kamar baki ɗaya suka yi magana. Vincent Canby na New York Times shi ne ya fi tsanani. Ya kira fim ɗin shirme mai sa baƙin ciki, ya ce 'yan wasan an mayar da su kayan da za a yanka a farke kawai, kuma dodannin ƙaryarsu ta fito fili har ba su isa su ba mutum ƙyama ba. Roger Ebert na Chicago Sun-Times ya ba shi tauraro biyu da rabi cikin huɗu, wato bai jefar da shi ba. Ya yarda siddabarun ya kai maƙura wajen tayar da zuciya, amma ya koka da cewa mutanen cikin labarin ba su da zurfi kuma suna yin abin da mai hankali ba zai yi ba. David Ansen na Newsweek ya ce Carpenter ya ɗauka jibga abubuwan ƙyama shi ne gina fargaba. David Denby na mujallar New York ya ce ƙyamar ta fi tsoron yawa. Ka ga tun a nan Canby da Ebert sun saɓa: ɗaya ya ce ƙarya ce tsagwaronta, ɗaya ya ce ta yi kama da gaske har ta yi yawa.

Canby ya yi kuskure, kuskure kuma mai kauri, ba zan kare shi ba. A duba wurin da Norris, ɗaya daga cikin mazan sansanin, ya yanke jiki ya faɗi, aka kwantar da shi a tebur, Dakta Copper ya ɗauko na'urar farfaɗo da zuciya ya danna masa a ƙirji. Da ya sake dannawa sai ƙirjin ya wage, ga haƙora jere, ya datse hannayen likitan biyu. Ana cikin ƙona gangar jikin, sai wuyan ya miƙe yana tsinkewa, kan ya sulale ƙasa, ya miƙa harshe ya naɗe ƙafar kujera ya ja kansa, sannan ya fitar da ƙafafu irin na gizo-gizo ya fara tafiya. Babu kwamfuta a wannan aiki. Roba ce da ƙarfe da wayoyi da abubuwa masu yauƙi, da hannun mutum. Don a nuna likitan ba hannaye, sai da aka samo wani mutum da ya rasa hannayensa biyu da gaske, aka sa masa fuskar ɗan wasan. Wanda ya jagoranci wannan aiki, Rob Bottin, shekararsa 22 ne kacal. Ya shafe fiye da shekara yana kusan kwana a wurin aiki, har sai da aka kwantar da shi a asibiti saboda gajiya da ciwon huhu da gyambon ciki. Yawan aikin ne ya sa aka miƙa wa Stan Winston haɗa dodon da ya fito daga jikin kare. Wanda ya kalli wannan ya ce ƙarya ce bayyananniya, to ya shiga sinima ne da hukuncinsa a aljihu.

Amma Ebert da Ansen fa? Abin da suka bayyana yana nan a fim ɗin, ba ƙirƙira suka yi ba. A tambayi duk wani masoyin The Thing a yau abin da ya fara zuwa masa a rai, zai ce kai mai ƙafafu, ko karen da fuskarsa ta dare gida huɗu a cikin keji. Shi kansa Malam rabin maƙalarsa a kan Bottin ta ƙare. Wato abin da Ansen ya ce, cewa siddabarun ya danne komai, masoyan ne ke tabbatar masa da shi kullum ba su sani ba. Batun rashin zurfin mutanen ma haka ne. Ba mu san matar kowa ba, ba mu san garin kowa ba, ba mu san abin da ya kai su ƙarshen duniya ba. Wanda ya kalla sau ɗaya ya ce zai iya bambance Fuchs da Bennings da Norris ba tare da ya yi jim ba, sai dai in yana da baiwa.

Inda suka zame shi ne wajen fassara abin da suka gani. Sun ɗauki wannan nisa da aka sa tsakaninmu da mutanen a matsayin gazawar marubucin labarin, Bill Lancaster, alhali a kansa aka gina tsoron. Da mun san Palmer ciki da bai, da mun gane ranar da ya daina zama Palmer. An ajiye mu ne daidai inda abokan zamansa suke: sun yi watanni suna cin abinci a tebur ɗaya, sun san wanda ke shan taba da wanda ke da saurin fushi, amma da rana ta ɓaci sai kowa ya tarar bai san kowa ba. Ebert ya ce tunda an gane halittar tana jiran mutum ya keɓe ne, ai maganin shi ne kowa ya riƙa tafiya da abokinsa. Da wane abokin? In wanda aka haɗa ka da shi shi ne ita, ka kai kanka har gida. Duk da haka ban ce maganarsa ta faɗi gaba ɗaya ba. Fitar da Fuchs ya yi shi kaɗai cikin duhu, aka tsinci gawarsa a ƙone, tana da wuyar karewa. Haka kulle Blair da suka yi shi kaɗai a ɗakin kayan aiki, bayan ya farfasa rediyo da jirgi don kwamfutarsa ta nuna masa cewa in halittar ta isa cikin jama'a za ta gama da duniya cikin sa'o'i 27,000. Sun bar shi can ba mai gadi, har ya zama ita, ya haƙa rami a ƙarƙashin ɗakin yana ƙera abin tashi. Mai sharhin da ya nuna irin wannan ya yi aikinsa.

Wurin da ya fi dacewa a tsayar da Ansen shi ne gwajin jini, kuma abin mamaki Malam ko ambatonsa bai yi ba. MacReady ya lura cewa kowane yanki na halittar rai ne mai zaman kansa, don haka ko ɗigon jininta zai guji zafi. Ya sa aka ɗaure sauran a kujeru, aka tsaga wa kowa babban yatsa, aka tara jinin a 'yan faranti da sunan kowa a jiki. Ya gasa bakin waya da na'urar feshin wuta, ya riƙa tsomawa ɗaya bayan ɗaya. Na Windows ya yi cuu, ba abin da ya faru. Nasa ma haka. Aka gwada na gawar Copper, lafiya. Aka gwada na Clark, wanda MacReady ya harbe 'yan mintuna kafin nan. Shi ma mutum ne, wato jagoranmu ya kashe ɗan'uwansa a banza, kuma Childs ya faɗa masa haka a fuska. Duk tsawon wannan lokaci babu dodo a allo, fuskoki ne kawai da ƙarar waya a jini. Sannan MacReady ya juya yana cacar baki da Garry, wanda shi ne yake zargi, yana ce masa nasa ne zai zama na ƙarshe, hannunsa kuma ya tsoma wayar a farantin Palmer kamar abin da ba shi da muhimmanci. Jinin ya yi ƙara ya yi tsalle. Su Childs da Garry suna ɗaure a kujera ɗaya da abin da ke rikiɗewa a gefensu, na'urar wutar kuma ta ƙi kamawa.

Abin da ya fi tsaya mini a wannan fitowa shi ne fuskar waɗanda suka tsallake. Kowannensu sai ya sauke ajiyar zuciya, kamar shi ma bai tabbata da kansa ba sai da waya ta faɗa masa. Wannan tambaya, ko wanda aka haɗiye ya san an haɗiye shi, ita ce zuciyar fim ɗin, kuma babu roba ko yauƙi a cikinta. Da irin wannan ake nuna wa Ansen cewa Carpenter ya san bambancin ƙyama da fargaba sarai. Amma Malam ya lura da abin da muka yi yanzu: mun ɗauko fitowa, mun warware ta, mun kafa hujja. Sunan wannan aiki sharhi. Maƙalarsa ma da ya zagi masu sharhi a ciki, sharhi ce.

Akwai kuma wani nauyi da manyan marubutan 1982 suka shiga sinima da shi, wanda matashin yau ba ya ɗauke da shi. An taɓa yin fim a kan wannan labari a 1951, The Thing from Another World, wanda Howard Hawks ya shirya, Christian Nyby ya ba da umarni, kuma da yawansu da shi suka tashi. A can sojoji da masana suna ta hira da barkwanci, dodon mutum ne dogo, James Arness, ana ganinsa an san shi ne abokin gaba, aka haɗa kai aka kashe shi da lantarki. Carpenter yana ƙaunar wannan fim. Shi ne ma yara ke kallo a talabijin a cikin Halloween da ya yi a 1978. Amma da ya zo yin nasa sai ya koma kan asalin labarin, Who Goes There? na John W. Campbell, wanda ya fito a 1938, ya ɗauko rikiɗa da gwajin jini daga can. Ko a labarin Campbell mutane ne suka yi nasara. Carpenter ya cire nasarar, ya bar MacReady da Childs zaune a gaban sansanin da ke ci da wuta, suna miƙa wa juna kwalba, kowa na zargin ɗan'uwansa, sanyi na jiransu. Mai tace masa hoto, Todd Ramsay, ya ba shi shawara aka ɗauki wani ƙarshen na daban inda aka ceto MacReady aka tabbatar mutum ne. Carpenter ya ɗauka ya ajiye, ya ƙi sa shi. Nyby kansa da ya ga sabon, cewa ya yi mai son ganin jini ya tafi mahauta. Ashe ba 'yan jarida kaɗai ba ne abin ya yi wa ɗaci, har da wanda ya san yadda ake yin fim.

To ta yaya aka yi ya farfaɗo? A nan kwatanci da Blade Runner yana da amfani. Shi wancan an sake masa fasali: a 1992 aka fitar da wani tsarin da aka cire muryar mai ba da labari da ƙarshen farin ciki, a 2007 aka sake gyarawa. Wanda ya kushe shi a 1982 zai iya cewa ba wannan ya gani ba. The Thing kuwa, in ban da wanda aka yanyanka don talabijin, ko minti ɗaya ba a canza ba. Yadda ake kallonsa ne ya canza. Kaset ɗin bidiyo da tashoshin talabijin na biya suka kai shi ɗakunan mutane, inda za ka kalla yau ka sake gobe, ka mayar da shi baya. A kallo na biyu ka riga ka san ƙirji zai buɗe, don haka idonka ya sami sararin ganin sauran abubuwa. Sai ka lura da yadda karen nan ke bin lungunan sansanin shiru, yana leƙa ɗakuna kamar mai lissafi, har ya shiga wani ɗaki inda inuwar mutum kawai muke gani a bango. Carpenter da gangan ya sa wanda ba ya cikin 'yan wasan ya yi inuwar don kada a gane ko wane ne. Sai ka fara tambayar wa ya taɓa makullin ma'ajiyar jini, yaushe aka kama wane, me ya sa Childs ya bar wurin gadinsa. Fim ne da aka gina don a maimaita, aka kuma kai shi gaban mutanen da aikinsu ya tilasta musu su kalla sau ɗaya su miƙa rubutu kafin a buga jarida.

Zamani ma ya taimaka. Tsoron jinin da ba ka san abin da ke cikinsa ba ya sami wata ma'ana bayan cutar ƙanjamau ta bazu, alhali a watan Yunin 1982 hukumomin lafiya na Amurka ba su ma tsayar da sunan da aka san ta da shi yanzu ba. Bayan Terminator 2 a 1991 da Jurassic Park a 1993, dodannin kwamfuta suka cika allo, aikin hannu irin na Bottin ya zama abin marmari. Hausawa na cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma The Thing ya cika arba'in da yatsunsa cif. Sai dai mai sharhi ba a ba shi shekara arba'in. Dare ɗaya ake ba shi.

Rabon 'yan kallo a wannan farfaɗowa na gaske ne, ban hana su ba. Amma wasu 'yan kallo ne daban, 'yan tsiraru, a hankali, cikin shekara goma sha biyar. Kuma son da suke yi wa fim ɗin bai zama hujjar da ake karantarwa ba sai da masu alƙalami suka shigo. A 1997 Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta buga littafi sukutum a kansa cikin jerin fitattun finafinan zamani, kuma wadda ta rubuta, Anne Billson, sana'arta sharhin fim. A 2008 mujallar Empire ta sa shi cikin finafinai 500 mafi girma. Matsayin da Malam ke tinƙaho da shi yau, da hannun 'yan sana'ar da yake zagi aka gina shi.

Hujjar da ya fi ji da ita ita ce ta kiɗa: wai an sa Ennio Morricone cikin 'yan takarar kyautar kiɗa mafi muni saboda The Thing, sai ga shi ya ci Oscar da kiɗan nan a 2016. Labarin yana da daɗi a baki, amma a gyara shi. Kyautar Razzie ta barkwanci ce, masu zaɓenta kuma mambobi ne da ke biyan kuɗin shiga, ba ƙungiyar masu sharhin jaridu ba. Oscar ɗin kuma na The Hateful Eight ne, fim ɗin Quentin Tarantino na 2015, wanda Morricone ya rubuta wa sabon kiɗa, aka ƙara da wasu 'yan guntaye daga aikinsa na The Thing.

Abin da ya sa na tsawaita shi ne darasin da Malam ya ciro yana da haɗari. In dai duk fim ɗin da aka kushe jiran zamaninsa yake yi, to ina The Thing na 2011, wanda Matthijs van Heijningen ya ba da umarni, mai ba da labarin abin da ya faru a sansanin 'yan Norwe? An kashe masa dala miliyan 38, bai mayar da su ba, masu sharhi suka ce kwaikwayo ne marar rai, musamman da aka lulluɓe dodannin da aka haɗa da hannu da na kwamfuta. Ya haura shekara goma, ba wanda ya tono shi. Finafinan da aka kushe suka kuma tabbata a kushe sun fi a ƙirga. Ba ma tuna su ne kawai, shi ya sa guda ɗayan da ya tashi yake kama da doka. Kuma maganar ba za ta tsaya a Amurka ba. A masana'antarmu ta finafinan Hausa an daɗe ana amsa kowace suka da kalmar hassada, ko da kuwa abin da aka ce shi ne sauti bai fita ba ko labarin ya ɓata a tsakiya. Wanda ya ba irin waɗannan labarin Carpenter a matsayin garkuwa bai taimake su ba, don Carpenter ya san ƙa'idar da ya karya da dalilin karya ta, ya kuma biya kuɗin da aikinsa.

Ina roƙon Malam, in zai dawo, ya zo mana da shaidar cewa jama'a sun yi tururuwa zuwa The Thing a 1982 aka kore su, ko ya nuna mana jimla ɗaya a sharhin Ebert da ta bayyana abin da babu shi a fim ɗin. Mai karatu kuma da ke son ya yi wa kansa alƙalanci, sharhin Ebert gajere ne kuma yana nan a intanet, fim ɗin minti 109 ne. A kalla sau ɗaya, a karanta sharhin, a sake kallo. Kada dai a kunna shi yara na ɗakin.